Kafin Ki Zauna Gaban Rada, Zulai

Birnin Gwari,
ranar Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga 'yata Zulai, tare da gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina roƙon Allah Ya tsare motar da za ki shiga gobe daga nan har Kaduna, Ya tsare wadda za ta ɗauke ki daga can zuwa filin jirgin da aka tura ki aiki, Ya sauke ki lafiya, amin.

Zan cusa takardar a ƙasan jakarki, don kada ki gan ta sai kin isa masauki. Ki karanta ke kaɗai. Ba labarin gida zan ba ki ba, babu wanda ba ki sani ba. Fushi nake da ke, kin kuma sani, tun ranar Litinin da na tsame hannu daga tuwo na fice na bar ku. Na ji kina ce wa Innarki wai Baba ba ya son ki yi aiki cikin maza ne. Ashe har yau ba ki san ubanki ba. Ni da na tsaya gaban 'yan'uwana na ce sai kin je makarantar koyon aikin jiragen nan ko da za su daina gaishe ni, ni ne yau zan ji haushin kin samu aiki?

Bari in maimaita miki abin da kika faɗa, ki ji yadda ya shiga kunnena. Kin ce aikinku shi ne ku zauna a wani ɗaki mai duhu-duhu a filin jirgi, gabanku allon rada. Duk jirgin da ya doso gari sai ya fito a allon, ɗan ɗigo mai haske, da lambarsa da nisan da yake a sama. Ke za ki ce wa wannan ya sauko kaɗan, wancan ya karkata hagu, wancan ya rage gudu, ki jera su ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakaninsu, har ki miƙa su ga na kan hasumiya ya sauke su. Matuƙi yana cikin gajimare ba ya ganin na gabansa, ke ce mai gani. Sai kika ce a makaranta ana yi muku gwaji da jiragen ƙarya, malamai ne ke zama matuƙa a ɗaki na gaba. Rannan babban malaminku, tsoho mai furfura da kowa ke shakka, shi ya zama matuƙi, ya ce zai sauko. Akwai wani jirgin a ƙarƙashinsa, kin gani sarai, amma da kika gane muryarsa sai bakinki ya yi nauyi. Kika tsaya neman yadda za ki ce masa a'a cikin ladabi, har ɗigon biyu suka haɗu, allo ya yi ja yana ƙara. Kika kwaikwayi yadda ya fito yana zare miki ido, ƙannenki suka fashe da dariya, Innarki har da share hawaye tana cewa, "Ai 'yata akwai kunya, ba a titi ta tashi ba." Ke kuma kina ta washe baki kamar an ba ki lambar yabo.

Jirgi biyu cike da mutane, Zulai. Na san na ƙarya ne. Na san daga baya kin ci jarrabawa, ba don haka ba da ba su ba ki aikin ba. Ba kuskuren ne ya tayar min da hankali ba, mai koyo dole ya yi kuskure. Dariyar ce ta tsaya min a wuya, don na gane ba ki ɗauki abin a bakin komai ba, har ma kina jin daɗin an ce kina da kunya.

Kin taso kin ji ana kirana Isuhu Mai Waya, kin san a tasha nake wuni, amma ba ki taɓa tambayata ainihin abin da nake yi a can ba, ni ma ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki ba. Lokacin da hanya ta lalace, mutanen daji suka fara tare motoci, ni na riga na ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Direbobin tasharmu suka taru suka ce tunda na san kowane ƙauye da kowace kwana, in zauna in riƙa tattara musu labarin hanya. Aka ba ni benci a gindin maina da waya biyu. Manoma da makiyaya da masu shayin bakin titi su kira ni in sun ga abin da ba su yarda da shi ba, direba kuma ya kira ni kafin ya shiga daji, in ce masa wuce ko dakata. Duk motar da ke kan hanya ina rubuta sunan direbanta da gawayi a jikin bangon ofis, in ta iso in goge. Radata ke nan, bango da gawayi. Don haka kada ki dube ni a matsayin tsohon direban da bai san abin da ake yi a ɗakinku mai sanyi ba. Tun kina firamare rayukan mutane ke rataye a bakina, na kuma yi ɓarna da bakin nan, ita zan faɗa miki.

Ta farko ganganci ne. Wata safiya Yohanna na Kazage, mai farar bas ɗin nan da kika sani, ya kira ni daga bakin daji ya ce, "Mai Waya, ya gaba?" Tun asuba babu wanda ya kira ni daga wancan ɓangaren. Ina zaune ina shan koko, na ce a raina tunda shiru ai lafiya ce, na ce masa, "Lafiya lau, wuce." Ashe mai shayin da ke ba ni labari daga can wayarsa ce ba caji. Kafin azahar sai ga Yohanna ya dawo, gilashin gaba a tarwatse, wata mata a kujerar baya tana ta salati ba ta ma san an iso tasha ba. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ya sauko ya zo har gaban bencina ya ce, "Malam Isuhu, da ka ce min lafiya, gani ka yi ko ji ka yi?" Na ce ban gani ba, ban kuma ji ba. Ya ce, "To me ya hana ka ce min ba ka sani ba? Da na tsaya." Duk tasha aka zuba min ido.

Ke ma irin ranar za ta zo miki. Ɗigo zai ɓace miki a allo, ko radar ta ɗauke gaba ɗaya, ko ki rikice ki kasa tuna wanda kika ce wa ya sauko. A lokacin zuciyarki za ta raya miki ki yi shiru ki gyara a ɓoye, kada a ce sabuwar yarinyar nan ba ta iya ba. Kada ki saurare ta. Ki buɗe baki ki faɗa wa matuƙi ba kya ganinsa, ki ɗaga hannu ki kira na gaba da ke. Abin da ba ki gani da idonki a allo ba, kada ki kuskura ki ce lafiya ne.

Ta biyu tsoron babbar riga ne. Da damina muna sakin motoci ne rukuni-rukuni, ƙanana a gaba, manya a baya, saboda akwai wani wuri mai laka da babbar mota kan kafe. Wani Alhaji mai harkar masara, ba zan kama sunansa ba don yana nan da ransa, ya zo da hula a karkace yana yi min magana kamar a gidansa nake cin abinci, wai babbar motarsa ce za ta fara fita. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsarin da aka yi..." Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Kai Isuhu, yaushe aka naɗa ka gwamnan hanya?" Aka yi dariya, ni ma na taya su, na ce motar ta wuce. Ta je ta kafe daidai lakar nan ta toshe hanya, ƙananan motoci suka jeru a bayanta a tsakiyar daji tun hantsi har bayan la'asar, da mata da jarirai a ciki. Wunin ranar ina kan benci ina jiran labarinsu. Alhajin kuwa yana gida ƙarƙashin fanka, ko waya bai kira ya ji yadda aka ƙare ba.

Za ki haɗu da irinsa a sama, masu kaurin murya, masu cewa sun ɗauko babban mutum kuma sun makara. In dokar aikinku ta ce a ba wani gaba, ki ba shi don doka ce ta ce. In kuwa muryarsa ce kawai ta fi taki kauri, ya bi layi ko ɗan wane ne. Ranar da abu ya ɓaci ba zai tuna ya matsa miki ba, sunanki za a kira.

Waɗannan biyun na ba ki ne don ki shirya. Ta ukun ce ta sa na tsame hannu daga tuwo.

Kin tuna rasuwar kakanki, mahaifin Innarki, kina aji uku a sakandare. An ce miki mutanen daji sun harbe shi a hanyar Kuyello. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Ranar kasuwa ce, bayan girbi. Motoci uku ne a bangona ta wannan hanyar: Yohanna, da wani direba Sule, da kakanki a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗauko masara daga Kuyello da mutum huɗu a kan buhuna. Shi ban taɓa rubuta sunansa ba tunda surukina ne, da'ira kawai nake yi masa, kowa a tasha ya san mai ita. Daga Kuyello waya tana shiga sama-sama har zuwa wani tudu da direbobi ke kira Tudun Sai-an-jima. Da ka gangara shi ke nan, babu sabis sai ka haye ƙaramar gada ka fito daga daji. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Buba, wani makiyayi da ke kiwo ta wajen gadar, ya kira ni yana haki. Ya ce dutse ya hau don ya same ni, babura sun sauka bakin gada, mutum bibbiyu da bindigogi. Ya ce, "Malam, duk wanda ke tafe ka tsayar da shi yanzu-yanzu."

Na san jerinsu sarai. Kakanki ne a gaba don shi ya fara tasowa, Sule a tsakiya, Yohanna a baya. Kowa aka tambaya ya san wanda ya kamata a fara kira. Na ɗauki waya na lalubo lambar kakanki, sai na ji nauyi. Shekara kusan ashirin ina auren 'yarsa, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba, ban taɓa ce masa yi kaza ba. Na ce bari in sallami waɗancan tukuna. Na kira Yohanna na ce, "Juya, suna gada!" Ya ce to, ya kashe. Na kira Sule, shi ma haka. Su biyun ba su ci min numfashi uku ba.

Sannan na kira kakanki. Zulai, wallahi ban san lokacin da na sauka daga benci na tuɓe takalma na durƙusa ba, a tsakiyar tasha, da waya a kunne, ga mutumin da ba ya ma ganina. Ya ɗauka, ina jin kukan injinsa yana hawan tudu. Na ce, "Salamu alaikum, Baba, barka da hantsi." Ya amsa. Na ce, "An tashi lafiya? Ya mutanen gida? Ya hanya?" Kin san shi da son gaisuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, sannan ya ce, "Ina amaryata Zulai? Ka ce mata ga ni nan tafe da rake, ta tuƙa min tuwo mai laushi ko in sake ta." Yana dariya. Ni kuma, Allah Ya yafe min, na tsaya na amsa masa. Na ce kina lafiya, kina makaranta. Sannan na ce, "Baba, dama cewa na yi, in da hali, ko za a ɗan..." Ƙit, waya ta yanke. Ya gangara.

Na yi ta kira har yatsana ya sage. Na kira Sule na ce ya bi shi da gudu yana danna hon, ya ce, "Malam, ya yi nisa, ga mata a motata." Gaskiyarsa. Na tsaya ba takalmi ina kallon da'irar nan a bango, babu abin da zan iya yi. Da azahar labari ya iso. Sun buɗe wa motar wuta, ya cika a kan sitiyari. Mutum huɗun aka shiga da su daji. Uku sun dawo bayan watanni, na huɗun, wani magidanci mai 'ya'ya ƙanana, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Baba, tsaya!" Ita ke nan maganar da ake bukata. Da na faɗe ta tun da ya ɗauka, da ya taka birki a kan tudu. Ko da zai yi min faɗan rashin ladabi har ƙarshen rayuwarsa, da hannu biyu zan karɓa. A wajen zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ba ni da ja. Amma ina jin haushin yadda muke jawo ta mu lulluɓe sakacinmu. Allah Ya kawo min labari a kan lokaci, Ya ba ni caji, Ya ba ni sabis, Ya sa tsohon ya ɗauka a ƙara ta farko. Ni na cinye lokacin da tambayar mutanen gida. Har yabona aka yi a wurin, wai Mai Waya ya ceci motoci biyu, ni kuma ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa kaina a ƙasa.

Yanzu kin gane abin da na gani ranar Litinin? Kaina na gani zaune a gabana da ɗankwali, ana yaba min kunya ina washe baki.

Laifin ma ba naki ne ke kaɗai ba, ni na koya miki. Kin tuna kina ƙarama, muna zaune da kawunnanki a zaure ana magana, kika shigo da gudu kika katse mu? Na daka miki tsawa, na ce ki fita ki sake sallama, ki durƙusa, ki jira a gama. Kika fita kika dawo kika durƙusa har aka ba ki izini, sannan kika ce awaki ne suka shiga shanyar masara. Kafin mu fita sun yi abin da za su yi. Ke ce da gaskiya ranar, amma ban taɓa faɗa miki ba, na bar ki da darasin cewa jira ya fi. Ki yafe min wannan, ki kuma cire shi daga kanki.

Ban ce ki zubar da ladabinki ba. Ki gaishe da manyanki a bakin ƙofa, ki rusuna musu, ki karɓi jakar wanda ya girme ki. Amma da zarar kin zauna a kujerar nan kin ɗora abin magana a kai, ba ki da malami, ba ki da kaka, ba ki da suruki. Wanda ya fi kusa da hatsari shi za ki fara kira, ko da shi kika fi jin nauyi a duniya. Umarnin ya fara fita, gajere, da murya ɗaya, ba "in da hali" ba "ko za a ɗan". Ki saurara ya maimaita miki abin da kika ce, kada kuma ki ɗauke ido sai kin ga ɗigon ya juya. In akwai ban-haƙuri, a yi shi a ƙasa bayan kowa ya sauka da ƙafarsa. Tsohon malamin naku ma, ki sani da gangan ya ɗana miki tarkon, kuma ba don ya ga ladabinki ba ne. Ki neme shi ki yi masa godiya.

In kin zauna kin auna kanki kin ga har yanzu ba za ki iya ce wa mai furfura a'a ba, ki miƙa musu katin shaidar aikinsu ki hau mota ki dawo gida. Za a yi surutu a unguwa, a ce 'yar Mai Waya ta kasa, 'yan'uwana su samu abin faɗa na shekara. Zan iya ɗaukar wannan. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in kunna rediyo wata rana in ji abin da ya faru a filin jirginku, in san a wajen wa kika gaji nauyin bakin.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma ban gama yin sa ba. Innarki ba ta san komai a cikin abin da kika karanta ba. Abin da na faɗa mata ranar shi ne na kira sabis ya ƙi shiga. Duk shekarun nan tana zuba min abinci, in maganar ta taso ta ce na yi iya ƙoƙarina, ni kuma in yi shiru in ci. Da na zauna ina rubuta miki ki buɗe baki, sai na ga ba ni da fuskar faɗa miki haka alhali nawa a rufe yake. Don haka gobe, da na sa ki a mota na ga fitarki daga tasha, gida zan koma in faɗa mata, ba kewaye-kewaye. Ban san abin da za ta yi ba, mahaifinta ne. In kin kira kin ji muryarta ta canza, ko aka ce miki ta tafi Kuyello wajen 'yan'uwanta, kada ki tsare ƙannenki da tambaya, kin san dalili. Kada kuma ki roƙe ta saboda ni, tana da hakkinta.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare duk wanda zai ratsa ta allonki, Ya kai su ga iyalansu lafiya. Allah Ya jiƙan kakanki, Ya bayyana bawan Allahn nan da bai dawo ba, Ya kawo wa hanyoyinmu da dajinmu zaman lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa harshenki ya fi nawa sauƙin motsi. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, ki sa ni a addu'a. Lokacin da kike karanta wannan, na riga na faɗa mata.

Wassalam,
Mahaifinki,
Isuhu.